Ɗaya Cikin Huɗu: Me Lissafin Auren AS Da AS Yake Nufi?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare, daga Unguwar Rogo a nan Jos, ta aiko mini da wannan tambaya:

"Malam, a darasin gado an koya mana cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne zai zo da sikila. Yayata AS ce, mai neman aurenta ma AS ne. Ya ce mata in suka tsaya a kan 'ya'ya uku ba za su kai ga mai ciwon ba. Gwaggonmu kuma ta ce ita da mijinta ma haka suke, 'ya'yansu biyar babu mai sikila ko ɗaya, don haka zancen asibiti ne kawai. Wa zan yarda da shi, littafi ko su? Kuma in ciwon yana kashe yara, me ya sa bai ƙare a cikin mutane ba?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun ba a sa rana ba. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, kuma babu jimlar da ake haddacewa daidai a fahimce ta a karkace kamar wannan ta "ɗaya cikin huɗu". Littafinki bai yi ƙarya ba. Gwaggonki ma mai yiwuwa ne gaskiya ta faɗa game da gidanta. Wanda ya yi kuskure shi ne saurayin yayarki, kuma kuskure ne mai tsada, don jariri ne zai biya.

Bari mu fara daga inda abin yake faruwa, wato haɗuwar ƙwan mace da ƙwayar maniyyi. Kowace ƙwayar halitta ta jikinki mai cibiya tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshin bayanan gado, a jere bibbiyu, tagwaye 23. A kowane tagwaye, ɗaya daga Baba ya zo, ɗaya daga Mama. Umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin nan da yake cikin jajayen ƙwayoyin jini yana dakon iskar oksijin, yana zaune ne a kan kuromosom na 11. Tunda kina da na 11 guda biyu, kofi biyu kike da su na wannan umarni. Mai AA kofinsa biyu duk na asali ne. Mai AS yana da na asali ɗaya, da mai canji ɗaya. Mai SS duka biyun masu canji ne.

To amma idan jiki zai yi ƙwai ko maniyyi, ba ya zuba duka 46 a ciki. Yana raba kowane tagwaye ne ya saka ɗaya kawai, ta hanyar rabuwar da kuka karanta da sunan mayosis, sai ƙwai ya ɗauki 23, maniyyi ya ɗauki 23, in sun haɗu a koma 46. Ke nan a jikin yayarki, rabin ƙwayayenta A suke ɗauke da shi, rabi S. A jikin manemin nata, cikin miliyoyin ƙwayoyin maniyyin da yake fitarwa, rabi A ne, rabi S. Kowane wata ƙwai ɗaya ne yawanci yake fitowa, ba ta da ikon zaɓar wanne, shi ma ba shi da ikon zaɓar wace ƙwaya ce za ta riga saura isa.

A aji, ga yadda nake nuna wa ɗalibai. Nakan kawo ƙwarya biyu, kowace na zuba mata farin wake da jan wake daidai wa daida. Ƙwarya ɗaya uba, ɗaya uwa. Farin wake A, ja S. Sai ɗalibi ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can: wannan shi ne ciki na farko. Mu rubuta abin da ya fito a allo. Daga nan sai in sa ya mayar da waken inda ya ɗauko, a girgiza, a sake. Wannan mayarwar ita ce gaba ɗayan darasin. Ƙwaryar ba ta tuna abin da aka ɗauka ɗazu. Mahaifa ma haka take, ba ta riƙe lissafin cewa an riga an haifi mai sikila, saura uku lafiyayyu. Kowane ciki sabon ɗauka ne daga cikakkiyar ƙwarya. Fari da fari, AA. Fari da ja, ko ja da fari, AS, shi ya sa yake da hanya biyu. Ja da ja, SS. Hanyoyi huɗu, ɗaya daga ciki sikila. Ma'anar ɗaya cikin huɗu ke nan: a kowane ciki, na fari ne ko na goma, yiwuwar SS kashi 25 ce cikin ɗari.

Ki gwada a gida, ba ya cin komai sai waken Mama. In kika yi ɗauka huɗu kawai, za ki iya samun ja da ja sau biyu a jere, ko ki rasa shi sam. In kika yi ɗauka ɗari biyu, za ki ga adadin ya matso kusa da hamsin. Shi kansa Gregor Mendel, malamin cocin nan na garin Brno a ƙasar Cek ta yau, wanda ya gano wannan ƙa'ida ya wallafa ta a 1866, bai gano ta da tsiro huɗu ba. Shekaru wajen takwas ya yi yana barbarar wake irin na ƙasarsu a lambu yana ƙirgawa. A gwaji ɗaya ya samu ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsewa, kusan uku da ɗaya. Sai da yawa ya taru kafin tsarin ya bayyana. Gidan mutum ɗaya kuwa, ko da 'ya'ya goma ne, ƙaramin adadi ne, komai na iya fitowa.

Yanzu mu auna dabarar saurayin da lissafi. Yiwuwar ciki ɗaya ya kuɓuta daga SS uku cikin huɗu ce. Ciki uku a jere su kuɓuta duka: 3/4 sau 3/4 sau 3/4, wato 27/64, kusan kashi 42 cikin ɗari. Abin da ya rage, kusan kashi 58, shi ne yiwuwar a samu aƙalla mai sikila ɗaya a cikin 'ya'ya ukun nan da yake ganin su ne mafaka. Ya fi rabi. Kuma babu abin da ya hana ɗan fari ya zama shi ne. Na san gidan da 'ya'ya uku na farko duk SS suka fito, na huɗu ne ya zo AA.

Gwaggonki fa? 'Ya'ya biyar su kuɓuta duka, 3/4 sau 3/4 har guda biyar ke nan, 243/1024, kusan kashi 24 cikin ɗari. Wato in aka tara ma'aurata ɗari, dukansu AS da AS, kowane gida da 'ya'ya biyar, gidaje wajen 24 za su ce miki daidai abin da Gwaggo ta ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sauran 76 ɗin ne ba a cika jin muryarsu a wajen shawarar aure ba, don suna gadon asibiti suna jinya, ko sun yi shiru da abin da ya same su. Ki gaya wa Gwaggo cikin ladabi cewa Allah ne ya rufa mata asiri, a taya ta godiya, amma sa'arta ba gado ba ce da za ta bar wa yayarki. Akwai kuma wata yiwuwar: wataƙila ɗaya daga cikinsu ba AS ba ne tun farko, an haɗa musu rukunin jini da jinotayif. Wannan ruɗani ya yi yawa a cikinmu. A, B, AB da O, da fositif da negetif, rukunin jini ne, ana duba shi don ƙarin jini da lafiyar ciki. AA, AS, SS, AC, SC kuwa nau'in himogulobin ne, su ake kira jinotayif (C wani canji ne daban da S). Mutum ya ce miki "ni O ne, ba ni da matsala", bai amsa tambayar sikila ba ko kaɗan.

Abin da yake ba ni mamaki har yau, duk da na koyar da shi sau ba adadi, shi ne ƙanƙantar canjin da ya haifar da wannan wahala. A cikin rubutun DNA, sinadarin da aka rubuta umarnin gado a jikinsa, wuri ɗaya da ya kamata ya zama GAG ya koma GTG. Harafi guda. Saboda haka a cikin sarƙar amino asid 146 da ta haɗa wannan sashe na himogulobin, na shida ya sauya daga gulutamik asid zuwa balin. Masanin kimiyya Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu ciwon daban yake, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin wurin canjin a Kambirij ta Ingila a tsakiyar shekarun 1950. Idan oksijin ya yi ƙasa, irin wannan himogulobin sai ya manne wa juna ya yi dogayen sanduna, ƙwayar jinin da take da taushi kamar waina ta ƙandare ta lanƙwashe kamar lauje. Daga wannan siffa ta lauje ne sunan Turancin ya samo asali, mu kuma muka mayar da shi sikila, duk da muna da namu sunan, amosanin jini. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki. Mai siffar lauje kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Daga nan ƙarancin jini yake zuwa, da rawayar ido irin ta shawara. Sannan su cushe a ƙananan hanyoyin jini, abin da ke gaba ya rasa iska, sai ciwon ƙashin nan ya taso wanda duk wanda ya taɓa ganin yaro a cikinsa ba ya mantawa.

Mu a Jos muna da ƙarin dalilin kula. Garinmu yana kan tudu mai tsayin mita wajen 1,200, kuma kin san yadda sanyin Disamba da Janairu yake shiga ƙashi. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, hunturu yana busar da jiki, yaro kuma ba ya jin ƙishi balle ya sha ruwa. Duk waɗannan suna tayar da ciwon. Na taɓa samun ɗaliba mai kaifin ƙwaƙwalwa wadda kujerarta takan zauna babu kowa duk lokacin da hazo ya sauka. In ta dawo sai ta ari littattafan ƙawaye ta kwafe abin da ya wuce ta, ba ta taɓa roƙon a yi mata sassauci ba. Ta gama makaranta da sakamako mai kyau. Ina kawo ta ne don kada ki ɗauka cewa SS hukuncin kisa ne, kuma don kada ki raina abin da ake sha kafin a kai can.

Tunda kina shirin jarrabawa, ki lura yadda wannan ciwo ɗaya ya taɓa babin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa jure rashin oksijin, cikin 'yan mintuna suke fara mutuwa. Idan hanyar jinin da take ciyar da wani yanki ta toshe, sai a ga shanyewar ɓarin jiki a yaro ɗan shekara biyar ko bakwai, abin da muka saba gani ga tsofaffi. In ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ya taɓu, hagun jiki ne yake shanyewa, saboda jijiyoyin suna gicciye kafin su sauka. A gidaje da yawa sai a ce iska ce ta buge shi, a tafi neman rubutu da hayaƙi alhali awannin farko su ne masu daraja. Inda ba a yin rigakafi, kusan ɗaya cikin goma na masu SS suna gamuwa da wannan kafin su kai shekara ashirin. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da yake cikin haɗari tun kafin abin ya faru. Likitoci a Kano, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, sun yi babban bincike a kan amfani da maganin haidiroksiyuriya wajen kare irin waɗannan yara. Maganin yana sa jiki ya ƙara ƙera himogulobin irin na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Wannan himogulobin na ɗan tayi ne ma dalilin da ya sa jariri mai SS yakan yi watanni biyar ko shida lafiya lau: guzurin da ya fito da shi daga ciki ne bai ƙare ba tukuna. Sai a ga hannu da ƙafa sun fara kumbura, a shiga neman wanda ya yi masa baki. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin matan da kakanninmu suka kira masu wabi, AS ne da suka auri AS, kuma su kaɗai aka ɗora wa laifin, alhali rabin gadon daga uba ya zo.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi burge ni, don tambayar masu bincike ce. In SS yana kashe yara kafin su girma su haihu, ai kamata ya yi S ya riƙa raguwa zuriya bayan zuriya har ya ɓace. Amma ga shi a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. Amsar tana wajen sauro. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa a Gabashin Afirka wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani su ne wuraren da AS ya fi yawa, kuma yara masu AS sun fi jure wa ƙwayar cutar. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da haka: AS yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙarar da jini, da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a cikin jan ƙwayar jini, kuma a jikin mai AS ba ta samun wurin zama mai daɗi, ƙwayar da ta shiga takan lalace saifa ta tace ta da wuri.

Ki hango wani ƙauye shekaru dubu da suka wuce, babu gidan sauro mai magani, babu asibiti. Yara masu AA zazzaɓi yana ɗibarsu. Masu SS sikila tana ɗibarsu. Masu AS su ne suka fi tsallakewa, su girma, su hayayyafa, kuma kowannensu yana miƙa S ga rabin 'ya'yansa. Abin da aka rasa ta ƙofar SS ana mayar da shi ta ƙofar AS. Wannan shi ne zaɓin yanayi da kuke karantawa a babin sauyin halittu, ba a kan tsuntsayen wani tsibiri mai nisa ba, a cikin jinin gidanku. Na san wasu ɗalibai sukan ɗaure fuska in an zo wannan babi. Ni dai abin da nake ce musu shi ne, wannan ɓangaren abu ne da ake aunawa a gani: yawan wata ƙwayar gado yana hawa ko sauka gwargwadon muhallin da mutane suke ciki. Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda aka kwashi kakanninsu daga yankinmu, yau kusan ɗaya cikin 13 ne yake ɗauke da S. Sun daɗe a ƙasar da zazzaɓin ya gushe, ga kuma cuɗanya da wasu jinsuna. Wani bincike na 2018 da Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Najeriya, suka yi ya kiyasta cewa canjin ya faru ne sau ɗaya, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce. Kada dai yayarki ta ji wannan ta jefar da gidan sauro. Mai AS yana kamuwa da zazzaɓi, tsananinsa ne yake raguwa. Mai SS kuwa zazzaɓi babban abokin gabarsa ne.

Da wannan za ki iya lissafa girman matsalar da kanki. In ɗaya cikin huɗu na maza AS ne, ɗaya cikin huɗu na mata ma haka, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS. Kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS, wato haihuwa ɗaya cikin 64. In aka auna da yawan haihuwar da ake yi a ƙasar, wannan ya yi kusa da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na jarirai wajen 150,000 a kowace shekara a Najeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar, don in kaka ɗaya ce ta ba ku S, ɗan gwaggo ko ɗan kawu ya fi bare kusa da ɗaukarsa.

A takardar jarrabawa, ki jera aikinki a fili: jinotayif ɗin iyaye, ƙwayoyin haihuwa A da S kowanne a cikin da'ira, akwatin Punnett mai gida huɗu, sannan sakamako 1 AA, 2 AS, 1 SS. Ki rubuta shi a matsayin yiwuwa. Littafi zai ce S mai ɓuya ne, A mai rinjaye, kuma haka ne in ana maganar bayyanar ciwo. A cikin jini kuwa duka biyun suna aiki, mai AS yana da himogulobin A wajen kashi 60, S wajen 40, shi ya sa gwaji yake iya ganin su duka.

Hukuncin auren ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Amma tunda kin tambaye ni, ba zan ɓoye ra'ayina ba: da 'yar cikina ce, zan roƙe ta ta haƙura. Zafin rabuwa yana da iyaka, kwanan asibiti da yaro yana kuka ba a san ranar ƙarewarsa ba, kuma na ga yadda yake cinye dukiya da soyayyar gida tare. Warkewa akwai ta, ta dashen ɓargo, an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma sai an samu ɗan'uwa da jininsu ya dace, ga kuɗi mai yawa, ga haɗari. Maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, farashinsa ya haura dala miliyan biyu. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na jinotayif. Masu cewa ai komai ƙaddara ce, gaskiya ne, amma ba mu taɓa ƙin kafa gidan sauro don zazzaɓi ƙaddara ne ba.

Kafin a yanke komai, su biyun su sake gwaji a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Filato, kuma su nemi gwajin ilektiroforesis da sunansa, wato wanda yake rarrabe nau'o'in himogulobin. Ƙaramin gwajin da ake ɗiga jini a gilashi a ga ko ya lanƙwashe ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin C sam, alhali AS da AC ma suna iya haifar SC, wanda shi ma sikila ne. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni uku da suka wuce ya dakata, don jinin wani zai ɓata sakamakon. Su je tare, su karɓi takardar tare, su zauna da likita ya yi musu bayani. Na san ma'auratan da wani ƙaramin ɗakin gwaji ya rubuta wa mijin AA, sai a kan ɗansu na biyu gaskiya ta fito.

Ke ma ki yi naki a wannan hutun, ki ja ƙannenki ku je tare. Tunda yayarki AS ce, lalle Baba ko Mama ɗaya yana ɗauke da S, kuma ko da ɗayan AA ne, kowannenku yana da yiwuwar rabi da rabi ta ɗaukar S.